TAƘAITACCEN TARIHIN RABARAN HENRY VENN, LIMAMIN ƘAUYEN YELLING (1725–1797)

Gabatarwa

A lokacin biki irin wannan yana da kyau mu waiwaya mu tuna da bayin Allah waɗanda suka riga mu, domin mu ga yadda Ubangiji ya yi aiki da su. Wanda za mu ba da tarihinsa a nan Baturen Ingila ne, limami a Ikkilisiyar Ingila, wadda muke kira Angilikan. Bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Ya yi suna wajen wa'azi a wani babban gari, sai ciwo ya raba shi da wurin, ya koma wani ɗan ƙauyen manoma mai suna Yelling, inda ya yi shekara 26 na ƙarshen aikinsa. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka amfaninsa ya ƙare ke nan. Amma daga wannan ƙauye, daga cikin gidansa kuma, aka sami mutanen da suka ɗauki bishara zuwa Indiya da Afirka, har ta kawo ƙasar Hausa.

Zuriyarsa da haihuwarsa

A Ingila an raba ƙasa duka zuwa ƙananan gundumomi na ikkilisiya. A zamanin da kowace gunduma tana da majami'arta, da maƙabartarta, da limaminta, wanda yake cin abinci daga gonar ikkilisiya da kuma zakkar amfanin gona. Tun shekara ta 1538 aka ba da doka cewa kowane limami ya riƙa rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, da waɗanda aka ɗaura wa aure, da waɗanda aka binne. Ta wurin waɗannan littattafai ne ake iya bin asalin iyali har ɗaruruwan shekaru baya, haka kuma aka bi asalin gidan Venn.

Mutanen gidan Venn 'yan yankin Devon ne, a kudu maso yammacin Ingila. William Venn ya zama limamin ƙauyen Otterton wajen shekara ta 1600. Ɗansa Richard ya riƙe wannan ikkilisiya a bayansa, aka kore shi a lokacin yaƙin basasar Ingila saboda ya tsaya a bayan sarki, daga baya aka mayar da shi. Ɗan Richard, wato Dennis, ya yi limanci a ƙauyen Holbeton. Ɗan Dennis kuma, wani Richard ɗin, ya zama limamin majami'ar St Antholin a birnin Landan. Shi ne mahaifin Henry. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: kafin a haifi Henry, kakanninsa sun yi limanci tsara huɗu a jere.

An haifi Henry Venn ran 2 ga Maris 1725 a Barnes, kusa da Landan. Mahaifinsa mutum ne mai riƙon tsarin ikkilisiya da ƙarfi. Lokacin da George Whitefield ya fara wa'azin farkawa yana tara dubban mutane, Richard Venn yana cikin limaman Landan na farko da suka hana shi hawa bagadin wa'azinsu. Ya rasu Henry bai cika shekara 15 ba, bai kuwa ga ranar da ɗansa ya zama abokin aikin wannan Whitefield ɗin ba.

Karatunsa da kiransa

A 1742 Henry ya shiga Jami'ar Kambirij, da fari a kwalejin St John's, daga nan ya koma kwalejin Jesus. Saurayi ne mai fara'a, mai son mutane, gwanin wasan kurket. A 1747, kwanaki kaɗan kafin a keɓe shi dikin, ya buga wani babban wasa, da aka tashi sai ya jefar da sandar wasan ya ce duk mai so ya ɗauka. Dalilinsa shi ne ba ya so a riƙa yi wa limami kirari a filin wasa. A 1749 aka naɗa shi limami, aka kuma zaɓe shi cikin malaman kwalejin Queens'.

Ko da yake ya shiga aikin da niyya mai kyau, bai riga ya fahimci bishara sosai ba. Ya karanta littafin wani malami mai suna William Law a kan rayuwar tsarki, ya shiga horon kansa da azumi da tsayayyun lokatan addu'a, yana rubuta kurakuransa kowace rana. A ƙauyen West Horsley, inda ya zama mataimakin limami a 1750, masu cin Jibin Ubangiji sun ƙaru daga 12 zuwa 60 saboda himmarsa. Duk da haka zuciyarsa ba ta sami hutu ba, gama kullum yana ganin bai kai ma'aunin da ya sa wa kansa ba. Cikin binciken Littafi Mai Tsarki ne, sannu a hankali, ya gane cewa ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya ga aikin da Yesu Almasihu ya gama, ayyukan kirki kuwa 'ya'ya ne da ke biyo baya. Daga nan wa'azinsa ya sake.

A 1754 ya zama mataimakin limami a Clapham, wanda a lokacin ƙauye ne na attajirai a bakin Landan. A nan ya yi abuta da John Thornton, wani babban ɗan kasuwa mai yawan bayarwa domin aikin Ubangiji. A 1757 ya auri Eling Bishop, 'yar wani limami daga garin Ipswich. A 1759 Allah ya ba su ɗa namiji, suka sa masa suna John.

Shekara 12 a Huddersfield

A wannan shekara ta 1759 aka ba shi ikkilisiyar Huddersfield, a yankin Yorkshire na arewacin Ingila. Gari ne na masu saƙar ulu, gundumar kuwa tana da faɗi, da ƙauyuka warwatse a kan tuddai. Albashin bai kai abin da yake samu a Landan ba, amma ya karɓa. Ba da daɗewa ba majami'a ta cika har babu wurin zama, mutane suna tahowa da ƙafa daga nesa. Ban da sujadar Lahadi, yakan hau doki ya bi ƙauyuka a tsakiyar mako yana wa'azi a gidajen mutane, yana koya wa yara tambayoyi da amsoshi na bangaskiya. Hannunsa a sake yake ga matalauta, har iyalinsa sukan shiga matsi. A 1763 ya buga littafinsa mai suna The Complete Duty of Man, wanda ya bayyana dukan wajibin mai bi bisa tushen alheri, aka sake buga shi sau da yawa.

Sai gwaji ya zo. A 1767 matarsa Eling ta rasu, ta bar shi da yara ƙanana. Yawan aiki kuma ya cinye ƙarfinsa, ya kama tari har yana tofar da jini, ya kai ga ba ya iya yin wa'azi sai ya yi kwanaki yana jinya. A 1771, yana da shekara 46, ya ajiye aikin Huddersfield. Ranar da ya yi wa'azin ban kwana majami'ar ba ta ɗauki jama'a ba.

Abin da ya biyo baya ya ƙara masa nauyin zuciya. Limamin da ya gaje shi bai bi irin koyarwarsa ba, sai da yawa daga cikin waɗanda suka tuba ta hannunsa suka bar majami'ar suka gina tasu dabam, wadda ake kira Highfield. Aikin shekara 12 ya rabu biyu cikin ɗan lokaci, domin ba a shirya wanda zai riƙe shi ba bayan tafiyar mutum ɗaya.

Ƙauyen Yelling

Yelling yana cikin tsohon yankin Huntingdonshire, wanda aka haɗa da Cambridgeshire a 1974. Yana kusa da garin St Neots, kimanin mil 12 yamma da Kambirij. Tsohon ƙauye ne ƙwarai, gama sunansa yana cikin littafin ƙidayar filaye da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Majami'arsa, mai suna Holy Cross, wato Gicciye Mai Tsarki, ta riga Venn da ɗaruruwan shekaru. Ƙasar wurin laka ce mai nauyi, ana noman alkama da sha'ir, a zamanin Venn kuwa hanya takan zama taɓo da damina. A wancan lokaci gidajen suna jere a bakin hanya guda, da jinkar ciyawa. Yawancin mazauna a lokacin 'yan ƙodago ne a gonakin wasu, kaɗan ne cikinsu suka iya karatu.

Mutumin da ya saba tsayawa gaban dubbai ya sami kansa gaban 'yan tsirarun manoma waɗanda suka gaji da aikin mako, waɗansu ma barci yake ɗaukarsu a kan benci. Wasiƙunsa na shekarun farko sun nuna abin ya dame shi, yana kewar mutanensa na Huddersfield, yana kuma ganin kamar ba ya samun amsa. Amma bai raina wurin ba, bai kuma zauna yana jiran a mayar da shi birni ba. Ya sauƙaƙa harshensa domin mai noma ya gane. Ya shiga gida gida yana gaishe da marasa lafiya. Ya buɗe ƙofar gidansa domin maƙwabta su shigo su yi addu'ar yamma tare da iyalinsa. Iskar ƙauye da ragin aiki suka taimake shi, lafiyarsa ta dawo, har yakan je Landan lokaci lokaci ya yi wa'azi. A hankali masu zuwa sujada a Yelling suka ƙaru, har daga ƙauyukan kewaye.

A shekarar da ya zo Yelling ya sake yin aure, ya auri wata gwauruwa mai suna Catherine Smith, wadda ta riƙe 'ya'yansa. Ba nisa da shi kuma akwai abokinsa John Berridge, limamin ƙauyen Everton, wanda ya shahara da yin wa'azi a rumbuna da filaye, har cikin gundumomin waɗansu limamai.

Aikinsa cikin gidansa

Abin da rashin lokaci ya hana shi a Huddersfield, ya same shi a Yelling, wato zama da 'ya'yansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya lura da karatun John da na 'yan matan, Eling da Jane da Catherine. Safe da yamma iyali da barorin gida sukan taru a karanta Maganar Allah a yi addu'a. Waɗanda suka sauka a gidan sun shaida cewa gida ne na fara'a da dariya, gama shi mai gidan ba ya ɗaukar ɗaure fuska a matsayin tsarki. In ɗaya daga cikin 'ya'yan ya yi tafiya, sai ya bi shi da wasiƙa. Haka kuma ya riƙa rubuta wa tsofaffin mutanensa na Yorkshire da abokansa, yana ta'azantar da masu makoki, yana ba masu shakka shawara. An tattara waɗannan wasiƙu aka buga su tare da tarihinsa a 1834, masu bi da yawa suka ƙaru da su.

Samarin Kambirij

Kusancin Yelling da Kambirij shi ne abin da ba wanda ya lissafta. A zamanin nan ba kasafai ɗalibi mai neman Allah da gaske yake samun wanda zai bishe shi a jami'ar ba, sau da yawa ma ba'a ake yi masa. Da John Venn ya shiga kwalejin Sidney Sussex, sai ya fara kawo abokansa gida. Ta haka samari suka koyi hanyar Yelling, suna zuwa a kan doki ko da ƙafa su zauna da tsohon su yi masa tambayoyi.

A 1782 John ya gabatar da wani saurayi mai suna Charles Simeon, ɗan kwalejin King's, wanda bai daɗe da tuba ba. Simeon yana da zafin rai, da son ado, da wani irin fankama a magana da tafiya. Bayan ya tafi, 'yan matan gidan suka yi ta dariyarsa. Mahaifinsu ya kai su lambu ya ce a tsinko masa wani ɗan itace wanda bai nuna ba. Da suka yi mamaki, sai ya nuna musu cewa ɗanye ne yanzu, amma in ya ƙara samun rana da ruwa zai nuna ya yi zaƙi, haka kuma wannan saurayi yake.

Ba da daɗewa ba aka ba Simeon majami'ar Holy Trinity a tsakiyar Kambirij. Manyan ikkilisiyar ba su so shi ba. Suka kulle kujerunsu suka ƙi zuwa, masu son jin wa'azi sai su tsaya a tsaye, haka aka yi ta fama shekaru da dama. A cikin wannan wahala, Yelling ne wurin da yake zuwa ya sami shawara, ya kuwa yi kimanin shekara 14 yana wannan zirga-zirga. Berridge yana so Simeon ya bi sawunsa ya riƙa yawon wa'azi ko'ina. Venn, ko da yake shi ma ya taɓa yin haka, ya shawarce shi ya tsaya cikin tsarin ikkilisiya, ya riƙe wurin da aka ba shi, ya yi haƙuri. Simeon ya bi wannan shawara. Ya zauna a Holy Trinity shekara 54, har rasuwarsa a 1836, ya horar da ɗaruruwan samari waɗanda suka zama limamai. Ɗaya daga cikin mataimakansa, Henry Martyn, ya tafi Indiya ya juya Sabon Alkawari zuwa harshen Urdu da na Farisa kafin ya rasu a 1812 yana da shekara 31. Simeon ya kuma kafa asusu domin tabbatar da cewa in mai wa'azin bishara ya bar wata ikkilisiya, za a sami irinsa ya gaje shi. Wannan shi ne maganin irin abin da ya faru a Huddersfield.

Tsufansa da rasuwarsa

Bayan 1790 ƙarfin Venn ya ragu ƙwarai, ya ɗauki mataimaki ya bar masa yawancin aikin. Matarsa ta biyu ta rasu a 1792, 'yarsa Jane ce ta zauna tana lura da shi. A wannan shekara aka naɗa ɗansa John limamin Clapham, inda shi uban ya yi aikin mataimaki shekara 38 da suka wuce. Watanni kaɗan kafin ƙarshensa ya bar Yelling ya koma wurin ɗansa. A can ya ga jikansa, jariri da aka haifa a 1796 aka sa masa sunansa, Henry. An ba da labari cewa da aka gaya masa lokacinsa ya yi kusa, murnar zuwa wurin Ubangijinsa ta ƙarfafa shi har likitansa ya ce ita ce ta ƙara masa kwanaki. Ya huta daga aikinsa ran 24 ga Yuni 1797, yana da shekara 72, aka binne shi a Clapham.

'Ya'ya da jikoki

John Venn ya zama makiyayin William Wilberforce da abokansa na Clapham, waɗanda suka yi ta fama a majalisar dokoki har aka haramta cinikin bayi a 1807. Ran 12 ga Afrilu 1799, shekara biyu ba su cika ba bayan rasuwar mahaifinsa, John ya shugabanci taron limamai 16 da waɗansu masu bi 9 a Landan, inda aka kafa ƙungiyar mishan domin Afirka da ƙasashen Gabas, wadda muka sani da sunan C.M.S. Simeon yana cikin waɗanda suka daɗe suna matsa a yi wannan. A 1804 ƙungiyar ta aiki ma'aikatanta na farko zuwa Afirka ta Yamma.

Jikan nan, Henry Venn ƙarami, ya zama sakataren C.M.S. a 1841, ya riƙe aikin fiye da shekara 30. Ya koyar da cewa burin mishan shi ne a kafa ikkilisiya ta 'yan ƙasa, mai ɗaukar nauyin kanta, mai mulkin kanta, mai yaɗa bishara da kanta, sa'an nan baƙi su matsa gaba. Shi ne ya tsaya, duk da ƙin yardar waɗansu Turawan mishan, har aka keɓe Samuel Ajayi Crowther bishop a Canterbury ran 29 ga Yuni 1864. Crowther ɗan ƙasar Yarabawa ne wanda aka kama bawa yana yaro, jirgin sojan Ingila ya ƙwato shi a 1822 aka kai shi Saliyo. Shi da J. F. Schön sun bi ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841, Schön kuwa ya duƙufa a kan harshen Hausa, ya buga nahawunsa a 1862 da ƙamus a 1876, ya kuma juya waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki. A 1900 wannan ƙungiya ta aiko da Bishop Tugwell da Likita Walter Miller ƙasar Hausa. Miller ya zauna a Zariya, daga baya aikin ya koma Wusasa, ya kuma ba da babban hannu wajen juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito a 1932.

Ta wajen mata ma gidan ya ba da 'ya'ya. Eling ta auri Charles Elliott, 'yarsu Charlotte Elliott ta zama sananniyar mai rubuta waƙoƙin sujada, ko da yake ta yi yawancin rayuwarta cikin ciwo. Wata 'yar John ta auri James Stephen, lauyan da ya tsara dokar 'yanta bayi a ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila a 1833. Ɗan Henry ƙarami, wani John Venn, shi ne masanin lissafin nan wanda 'ya'yanmu suke zana da'irorinsa masu shiga juna a makaranta. Shi ma an naɗa shi limami, amma ya ajiye limanci a 1883 domin tunaninsa ya sake a kan waɗansu koyarwar ikkilisiya. Shi ne kuma ya bi tsofaffin littattafan gundumomi ya rubuta tarihin gidansu, aka buga a 1904.

Abin koyi a gare mu

'Yan'uwa, da a ce an tambayi mutanen zamaninsa ina Henry Venn ya yi babban aikinsa, da sun ce Huddersfield, gama can ne aka ga taro. Amma yau, in an bi sawun C.M.S. da na ɗaliban Simeon, Yelling ake komawa. Ma'aikacin da aka tura ƙaramar ikkilisiya a ƙauye, inda hanya ba ta da kyau, baiko kuma bai taka kara ya karya ba, kada ya ce an yar da shi. Dattijon da ƙarfinsa ya ragu har ba ya iya tsayawa gaban jama'a, yana da sauran aiki muddin akwai saurayin da zai zauna kusa da shi ya yi tambaya. Ikkilisiya kuma ta tuna da Huddersfield, ta shirya masu gado tun shugabanninta suna da ƙarfi. Iyaye su lura cewa addu'ar safe da yamma a cikin gida ita ce makarantar da John Venn ya fara shiga, su kuma tuna cewa kowace tsara sai ta karɓi bangaskiya da kanta, don haka kada a gaji da yi wa jikoki addu'a. Matasanmu masu zafin rai kuwa, waɗanda wani lokaci halinsu yakan ba mu dariya ko haushi, mu yi haƙuri da su kamar yadda aka yi da Simeon.

Henry Venn ya mutu bai ji sunan C.M.S. ba, bai san Crowther ba, bai san za a karanta Maganar Allah da Hausa ba. Ya dai riƙe amanar 'yan manoman da aka ba shi, da 'ya'yansa, da baƙin da suka ƙwanƙwasa ƙofarsa. Ubangiji ya ba mu alherin riƙe tamu amanar, a duk inda ya ajiye mu. Amin.